Hannun da Babu Filasta

"Nuna min hannunka," ta ce.

Mijin nata ya ƙara jan hannun riga, ya ce ai da sauƙi. Ji mutum! Ita ba jiki ta tambaya ba.

Tun da aka gano ciwon daji a hanjinsa, duk ranar ƙarin ruwan magani yakan dawo da filasta a bayan hannu, yana amai yana mata tsiya, wai ita 'Yar Gajera ta fi nas iya harara. Kwanakin nan kuwa babu filasta, babu amai, tsiyar ma ta ƙare. Sai ya shirya ya fita, ya hana ta raka shi, wai tsohon ciki ne da ita.

Hankalinta ya ƙi kwanciya. Yayarsa ta zo ta ƙara zuga ta, wai namiji ko a gadon asibiti yake ba a shaidarsa, ta duba wayarsa. Ta duba kuwa, kunya kamar ta nutse. Babu wata mace, sai kiran asibiti jere da bai ɗaga ba.

Ranar magani ta gaba ta bi bayansa daga nesa. Ko hanyar asibiti bai kalla ba. Shagonsa na kafinta ya shiga ya turo ƙofa.

Ta leƙa. Yana zaune cikin garin katako, zarto da guduma ya ɗaure su a buhu. Gabansa gadon jariri ne, ƙafa ɗaya ba a kafa ba.

Sai ta tuna wata magana. Likitarsa ta taɓa jan ta gefe ta ce damuwa ma ciwo ce, wanda ta kama yakan bar magani ya bar abinci, kuma dajin ya fi saurin cin irinsu.

Ta tura ƙofar ta shiga. "Wa za ka ba kayan aikinka?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Na gaji, rabin raina... Ba allurar ba. In na farka da safe, haushin farkawar nake ji. Gara ki saba da rashina tun yanzu."

"Shi ne kullum kake cewa da sauƙi, har ni?"

"Duk wanda ya ce ya jiki, amsa ɗaya yake jira."

Kuka ya ƙwace mata, ga tausayi ga haushi. Ta kwance buhun ta zazzage kayan a gabansa, ta ce ba za ta saba ba, ya tashi su je ya maimaita wa likita abin da ya faɗa mata, kalma-kalma. In ya yi ƙarya za ta taka masa ƙafa a gaban kowa.

Ya miƙe da ƙyar, idonsa na kan gadon.

"In ban kai ba, ki ba wani ya..."

"Ba wanda zai taɓa shi. In ba ka gama ba, a ƙasa ɗanka zai kwanta."

Ya share fuska, ya ce ta riƙe shi su tafi.