Tafin Da Aka Yi Wa Gilbert

Ana tsuga ruwa aka kawo rahoto caji ofis na Kafanchan cewa Gilbert mai jita ya mutu a tsohon zauren rawa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Sufeto Andrawus ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula.

Wa bai san Gilbert ba a shekarar 1991? Wani gidan talabijin ne ya turo ma'aikata daga Kaduna, suka tara samari masu kiɗan rok a gida guda, kyamara na bin su har wurin wanke baki. Sunan shirin Gida Ɗaya. Wai a nuna wa duniya Kirista da Musulmi na cin tuwo kwano ɗaya a garin da ya sha wuta a tamanin da bakwai. Sufeto bai taɓa son shirin ba. Kiɗan ma ciwon kai yake sa masa.

Ya tarar da gawar a kan jiƙaƙƙen siminti, don rufin zauren yoyo yake. Yatsun hagu sun ƙone, leɓe ya ƙone, ƙafa ba takalmi. Yaro ne ƙarami, abin ya taɓa Sufeto ƙwarai.

Madam Mildred, furodusar shirin, tana tsaye da tabarau, idonta a bushe.

"Yaya aka yi?"

"Gwaji muke yi, ya kai baki makirufo, wuta ta ja shi. Ka duba filogin amfilifayarsa, Sufeto. An yanke waya ɗaya."

Ya duba filogin na'urar da ke ƙara wa jitar sauti. Koriyar wayar nan mai kwashe wuta ta kai ƙasa an datse ta, an naɗe bakin da farin salatif tsaf.

"Kuna ɗaukar hoto lokacin?"

"A'a, kyamara a kashe take. Amma da safe na ga Mahadi mai ganga a bayan amfilifayar. Ka dai kalli shirin makon jiya?"

Bai kalla ba, amma gari duka ya kalla. An nuna Mahadi ya cakumi wuyan Gilbert yana cewa sai ya ga bayansa.

Kafin Sufeto ya koma ofis har an kawo Mahadi, rigarsa a yage. Da ƙyar kurata biyu suka ƙwace shi a hannun matasa. 'Yan kasuwa sun fara rufe shaguna tun rana tsaka, jama'a kuwa sun cika bakin caji ofis suna cewa a miƙo musu shi.

"Gobe za a binne yaron nan," in ji Di-Pi-O, shugaban caji ofis ɗin. "In ba mu da mai laifi kafin nan, ginin nan ba zai tsare kowa ba. Ka rubuta masa caji."

Sufeto ya shiga sel. Mahadi ɗan gidan masu sayar da yadi ne a kasuwa, yana zaune a ƙasa.

"Ka taɓa amfilifayar Gilbert yau?"

"Wallahi ranka ya daɗe ko kusa ban je ba."

"An gan ka."

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauko masa ita daga gida. Kullum ni nake ɗauko masa, yana da ciwon baya. Tsoro ne ya sa na musa."

"Wanda ka ce sai ka ga bayansa shi kake ɗaukar wa kaya?"

"Madam ce ta koya mana faɗan. Ta ce shirin ya yi sanyi, mutane sun gaji da ganin muna dariya. Sai da muka yi ta maimaitawa, don Gilbert dariya yake fashewa da ita in na cakume shi."

Wanda ya yi ƙarya ɗaya zai iya yin ta biyu. Sufeto ya fita ta ƙofar baya, ya nufi gidan mamacin.

Afiniki, ƙanwar Gilbert, tana zaune a bakin ƙofa, mata na waƙar coci a ciki. Ta yi kuka har muryarta ta dushe.

"Faɗan? Oga, wasa ne fa. Ranan da sun yi shi, a nan Mahadi ya ci acca da mu. Mama ne ya zuba masa."

"Me ya sa ba ki gaya wa mutane ba?"

"Na gaya masu! Sun ce ai sun gani da idonsu a talabijin. Wa zai ji ni?"

"Yayanki yakan yi kiɗa ba takalmi?"

Ta ɗago da sauri. "Ko kaɗan. Wuta ya taɓa jan shi a coci tun yana yaro, daga nan ba ya taɓa jita sai da takalmin roba. Wannan sati ne Madam ya ce ya cire, wai haka manyan mawaƙan rok suna yi. Ya ce a'a. Madam ya ce to za a cire shi a shirin."

Sufeto ya koma zauren. Ya sami Mijinyawa, mai kyamara da sauti, yana naɗe wayoyi da gaggawa irin ta mai son barin gari. A ɗamararsa farin salatif na rataye.

"Naka ne wannan?"

"Kowa na amfani da shi, yallaɓai."

"Ka san wanda ya yanke wayar nan?"

"Ban sani ba."

"To haɗa mini ita yadda take da, ka ta da janareta, ka kunna komai."

Mijinyawa ya haɗa. Da aka kunna, sai wani ƙugi ya taso daga sipikun, ƙasa-ƙasa, ba yankewa, kamar jirgin kaya na tahowa daga nesa.

"Mene ne wannan?"

"Haka take yi in an haɗa ta da na'urar ɗaukar sautinmu."

"In an yanke koriyar wayar fa?"

Mijinyawa ya kau da kai.

"Ta daina, ko? To gaya mini, wa ƙugin nan ke damu? Mai ganga, wanda ko kansa ba ya ji in yana duka? Ko masu kai kaset Kaduna?" Sufeto ya matso kusa. "Akwai yaro a sel ɗina da ake jira a waje da gorori. In aka kashe shi, kai da Allah."

Mijinyawa ya zauna a kan sipika.

"Ni na yanke. Ita ta sa ni. Kaduna sun dawo mana da kaset, sun ce sautin ba ya sauraruwa. Na ce mata haɗari ne, ga ruwa a ƙasa. Ta ce in ba zan iya ba akwai masu neman aikina." Ya zura hannu cikin jaka, ya fito da kaset. "Kyamarar ba a kashe take ba. Ta ce in goge. Na kasa."

A ofishin Di-Pi-O aka sa kaset ɗin, Madam Mildred na zaune ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ga Gilbert nan da ransa, yana murmushi, yatsunsa na gudu a kan jita. Ya matso ya kai baki makirufo. Jikinsa ya sandare, sannan ya hau karkarwa, kai na jijjiga, jitar na kuka. Sauran samarin suka ɗauka salon rok ne, ai haka yake yi in kiɗa ya ratsa shi. Suka hau tafi da fito. Mahadi ya ƙara wa ganga wuta yana dariya.

Sai muryar Mijinyawa daga bayan kyamara: "Madam, wuta ce! Bari in kashe janareta!"

Sai muryarta, a fili: "Kar ka motsa. Ci gaba da ɗauka."

Tafin ya ci gaba. Ya daɗe, ya daɗe fiye da yadda mutum zai iya kallo. Mahadi ne ya fara jefar da sandunansa, ya ruga ya fizge filogin daga bango.

Sufeto ya kashe bidiyon. Ya juya ya dubi Madam.

"Kin san an yanke wayar."

"Na sani."

"Kin ji ya ce wuta ce."

Ta cire tabarau. "Na ɗauka ɗan ja ne kawai, zai sake shi. Sufeto, za su rufe shirin. Ban taɓa samun hoto irin wannan ba. Na ce bari ya ɗan ƙara kaɗan."

"Da ya faɗi fa? Me ya kai ki ga Mahadi?"

"Mutane sun riga sun ga faɗan." Ta ajiye tabarau ɗin a kan tebur. "Na san za su yarda."

"Kin san garin da kike ciki?"

Wata kofur ta sa mata ankwa, ta tasa ta gaba. Mijinyawa na biye a hannun kurtu, yana kuka kamar yaro.

Di-Pi-O ya fita ya yi wa jama'a bayani da lasifika. Wasu suka watse. Wasu suka tsaya suna cewa an sayi 'yan sanda, su dai abin da suka gani a talabijin suka sani.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Mahadi sel. A lungun sel ɗin ne suka yi kiciɓis da Madam ana shiga da ita. Mahadi bai ko dube ta ba.

"Ranka ya daɗe, da gaske ina duka ganga yana mutuwa?"

"Ba ka sani ba. Kai ne kuma ka cire filogin."

"Zan iya zuwa wurin binnewar gobe? Ina so in ga Mama, mahaifiyarsa."

Sufeto ya leƙa ta taga, ya ga waɗanda suka ƙi tafiya, gororinsu a hannu, ruwa na dukansu. Ya so ƙwarai ya ce masa e.

"Akwai jirgin Kaduna da safe," ya ce. "Ni zan raka ka tasha."