Ki Faɗa wa Inna Zan Jira

"Maimaita, Dogara. Ban ji ka da kyau ba."

Afiniki ta ji shi sarai. So take kawai ta ga ko bakin da ke rera yabo a majami'a kowace Lahadi zai iya sake furta maganar.

Dogara ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa. Ranar Juma'a ce, su Ukasha masu taya shi dafa mazarƙwaila sun kashe injin matsar rake sun tafi masallaci a Gazara. Ba kowa a fadamar sai su biyu, sai ƙudan zuma da ke shawagi a kan tarin ɓawon rake.

"Afiniki, ki fahimce ni... Ba ni na ce ba. Inna ce."

"Me Innar ta ce?"

"Ta ce ba za a kai kayan aure gidanku ba sai... sai ta ga alama."

"Alamar me?"

"Haba masoyiyata, kin fa gane!"

"Ciki?"

Ya gyaɗa kai.

Duk ƙauyen Gidan Jatau an san ciwon da ke cin Inna Kande. 'Ya'ya biyu maza mijinta ya rasu ya bar mata. Babban, Tanko, ya auri Lantana yau shekara tara, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ga fadamar rake, ga shanun huɗa, ga gida mai faɗi, amma ba yaron da zai yi fitsari a tsakar gidan. Idon tsohuwa kaf ya dawo kan Dogara, autanta.

"Wata ɗaya ne ko biyu," Dogara ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da ya shiga sai a gaggauta biki. Wa zai sani? Ai tawa ce ke, ni ma naki ne. Zoben alkawarina ne fa a hannunki."

Ya kama hannun nata. Tafinsa da ɗumi, da kaushin aiki, da danƙon ruwan rake.

To, ƙarya ce a ce Afiniki ba ta ji komai ba. Ta ji, har tafin ƙafarta! Shekara biyu tana son mutumin nan, tana kawar da ido in ya tuɓe riga a gona, tana roƙon Ubangiji ya kama mata zuciya. Ga bukkar masu gadi can da tabarma a shimfiɗe, ga raken da ya fi mutum tsawo ya kewaye su. Tsoron da ya kama ta ba na Dogara ba ne, na kanta ne.

Maman Fasto, wato matar fastonsu, ta sha faɗa musu a ajin 'yan mata: "Jikinku ɗakin Allah ne, ba rumfar kasuwa ba. Wata jarabar a tsaya a yi kokawa da ita. Amma sha'awa? Ƙafa me na ci ban ba ki ba!" A lokacin dariya suke yi.

Ta zare hannunta.

"In ya shiga, wa za a sa a horo, Dogara? Wa za a cire daga ƙungiyar mawaƙa ya koma bencin baya? Baban wa zai daina ɗaga kai a taron dattawa?"

"Zan tsaya tare da ke..."

"In kuma bai shiga ba fa? In tashi ba tsuntsu ba tarko? Ni irin masara ce da za a gwada a gefen gona, in bai tsiro ba a nemi wani?"

"Afiniki, uwata ce fa! Kullum kuka take yi. Ya kike so in yi?"

"Ni ma Allahna ne fa!"

Hawaye ya ɓalle mata. Ta ja da baya, ta sake ja.

"Ina son ka, Dogara. Ina son ka har ina jin tsoron in ƙara minti ɗaya a wurin nan. Shi ya sa zan tafi."

"Tsaya in kai ki a babur!"

"Ba zan hau bayanka yau ba!"

Da ƙafa ta tafi, cikin rana tsaka, tana share fuska da bakin mayafi. Kuka take yi, amma kanta a ɗage yake.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Mahaifinta dattijon ikilisiya ne mai zafin zuciya, da ya ji da auren ya mutu murus. Sai ta ci gaba da zuwa firamaren da take koyarwa a Nasarawan Doya, ta dawo ta yi tuwo, ta shiga ɗaki. Ta rame har mahaifiyarta ta fara jiƙa mata maganin shawara.

Da maraicen washegari Dogara ya kira. Ta ƙi ɗauka. Ya sake kira kwana biyu a jere. Ranar da ta ɗauka, da ƙyar ta gane muryarsa.

"Na yi miki laifi, na yi wa Allah. Na je wurin Fasto na faɗa masa abin da na nema a wurinki. Ki yafe mini, hasken idona."

"Na yafe. Inna fa?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Tana nan a kan bakanta. Kawunaina kuwa ba za su taka gidanku ba sai ta ce su je. Na roƙa, na durƙusa... ta ce in zaɓa."

"To. Ni zan je."

"Ke? Wurin Inna? Afiniki, kin san ba a yi!"

Ta san ba a yi. A ƙauyensu budurwa in ta hango uwar saurayinta a hanyar rijiya, sauya hanya take yi. Ko bayan aure, sai an daɗe kafin amarya ta buɗe baki ta yi wa suruka magana kai tsaye. In magana ta kama dole, sai a nemo ta uku a sa a tsakiya: ke ki faɗa mata, ita ta juya ta faɗa wa tsohuwa, alhali kowa na jin kowa.

Ranar Asabar da hantsi ta yi sallama a gidan su Dogara. Inna Kande na zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, Lantana na tankaɗe a gefenta. Afiniki ta tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ta durƙusa nesa, ta ja mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Yaya Lantana, ki gaishe mini da Inna. Ina kwananta, ina gajiya?"

Lantana ta ajiye rariya. Mace ce doguwa mai sanyin hali, irin waɗanda ba a jin takunsu a gida. "Inna, Afiniki na gaishe ki."

Tsohuwa ba ta ɗaga ido daga gyaɗarta ba. "Ki ce mata lafiya. Ki tambaye ta abin da ya kawo ta, tun da kunya ta ƙare a duniya."

"Inna ta ce me ya kawo ki?"

"Ki faɗa wa Inna na ji saƙonta. Ki ce mata ina son ɗanta, ba ni da wani sai shi. Amma abin da ta nema ba nawa ba ne balle in bayar. Na riga na yi wa Ubangiji alkawari ranar baftismata, kuma ita ma tana bakin rafin, da kayan Zumuntar Mata a jikinta, tana waƙa."

Lantana ta maimaita, kalma bayan kalma. Hannun tsohuwa ya tsaya.

"Iye! Wa'azi ta zo yi mini? Ki ce mata na riga uwarta shiga majami'a!"

"Inna ta ce ta riga mamanki shiga majami'a."

"Ki ce wa Inna na sani. Shi ya sa na zo gare ta ban je wurin dattawa ba. Ki ce mata zan jira. Shekara ɗaya, shekara biyar... zan jira. In ta ce ba za ta karɓe ni ba, zan cire zoben in kawo mata da hannuna, in yi kukana. Amma ba zan shigo gidan nan ta bayan danga ba."

Inna Kande ta ture faifan gyaɗa. Abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata gaba ɗaya.

"Ki ce mata ita yarinya ce, ba ta san zafin ba! Ki ce mata duk suna ni ce mai kai gudummawa, ba a taɓa kawo mini ba! Ki ce mata an cuce ni sau ɗaya, ba za a ƙara ba. Na sayi tukunya ban ƙwanƙwasa ba, na kawo gida ashe fasasshiya ce. Ba zan sake kwaso wata juyar in zuba a gidan mijina ba! Faɗa mata!"



Lantana ta juyo wurin Afiniki. Ta gyara zama kamar yadda ta yi a sauran saƙonnin. Al'ada ce, ɗan aike ba ya rage saƙo.

"Inna ta ce..." Ta runtse ido. "Inna ta ce an cuce ta sau ɗaya. Ta ce ta sayi fasasshiyar tukunya." Hawaye ya gangaro ya ɗiga a cikin garin da take tankaɗewa. "Ta ce ba za ta sake kwaso irina ba."

Wayyo! Shekara tara Inna Kande na faɗin irin wannan a bayan ido, a wurin biki, a hanyar kasuwa. Ba ta taɓa jin yadda maganar take ba sai yau da ta fito daga bakin wadda aka yi dominta. Wannan ce fa Lantanar da ta yi jinyar mijin tsohuwar har ya cika. Ita ke dafa mata ruwan wanka, ita ke matsa mata ƙafa in sanyi ya tashi.

Tsohuwa ta sunkuyar da kai.

Afiniki ta manta da kunya, ta manta da al'ada. Ta rarrafa ta rungume Lantana.

"Yaya, wannan saƙon kada ki kai, naki ne. Ba ki cuci kowa ba. Da lulluɓinki kika shigo gidan nan, ina ƙarama na bi motar amarcinki da gudu. Tun ranar nake cewa irin aurenki zan yi. Haihuwa ta Allah ce... ke ba fasasshiya ba ce!"

Lantana ta fashe da kukan da ta yi shekaru tana yi a cikin filo.

A nan Dogara ya shigo. Ashe tun ɗazu yana zaure, ya kasa gaba ya kasa baya. Ya zube a gaban uwarsa.

"Inna, kin ce in zaɓa. Ban iya zaɓa tsakaninki da ita ba, don ba ni da wata uwar. Amma abin da kika aike ni, na je na nema, ta fi ni tsoron Allah ta gudu. Ba zan ƙara nema ba. In kin yarda, zan auro ta da farar riga. In ba ki yarda ba, zan zauna haka ina yi miki noma har ki yarda."

Tsohuwa ta dube shi. Ta dubi matan biyu da ke ƙanƙame da juna. Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a tsakanin yatsunta.

"Lantana," ta ce a hankali, "ki ce mata..." Sai ta girgiza kai. "A'a. Kin ɗauki kaya ya isa haka, 'yata."

Ta juyo da fuskarta sosai, karo na farko.

"Ke Afiniki. Tashi ki je gida. Ki ce wa babanki baƙi na nan zuwa."

Bayan Ista aka ɗaura auren. Majami'ar Gidan Jatau ta cika har waje, su Ukasha da matansu suka zo cin shinkafa da kwandon mazarƙwaila a kan babur. Lantana ce ta ɗaura wa amarya farin lulluɓi. Da Afiniki ta shigo a hannun mahaifinta, matan Zumunta suka tashi da kiɗan tulu da caki, guɗa ta kaure. Ba ta yi tafiyar amaren da ke neman ƙasa ta tsage su shige ba. A hankali ta taka, tana jin daɗin kowane taku, don ta san abin da ta biya.

Da Dogara ya ɗaga lulluɓin, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Na gode da kika gudu," ya raɗa mata.

"Yau kam ba inda za ni," ta ce, tana danne dariya.

Da la'asar aka kai amarya. Mata suka cika tsakar gida, wata tsohuwa mai yawan zolaya ta ɗaga murya ta yi addu'ar da aka saba.

"To, Allah ya ba da zaman lafiya! Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, baɗi war haka mu dawo suna!"

"Amin!" mata suka amsa. Wasu suka saci kallon Lantana, ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar kullum.

Inna Kande ta miƙe da ƙyar, ta gyara ɗaurin kallabinta na Zumunta. Ta kamo hannun amarya da damanta, ta kamo na Lantana da hagunta, ta jawo su tsakiyar taron.

"Amin," ta ce, da muryar da har maza a zaure suka ji. "In ya kawo, mun gode. In bai kawo ba, ku shaida, ni Kande 'ya'yana huɗu ne. Waɗannan biyun ma sun ishe ni."