Saƙon da Auta Ta Karanta wa Baba

Ƙafar tebur ce ta haɗa su. Kafinta ya zo gyara, ya tarar da babbar 'yar gidan ta tsare ƙanwarta Auta da littafi, ita tana "ba, be, bi", Auta tana kallon silin. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya sauke guduma a kan yatsansa. Daga nan gyaran ya ƙi ƙarewa.

Da maganar aure ta kai gaban Baba, ya ce a'a. Tun rasuwar mahaifiyarsu Yaya ce malamar Auta, ga yarinya ta isa makaranta ba ta haɗa baƙi.

"Ba inda za ta sai wannan ta iya karatu. In ta tafi wa zai koya mata? Ni da ke neman tabarau yana goshina?"

Akwai kuma mai shagon waya da ke zuwa neman Yaya da mota. Shi ya kawo wa Auta kwamfutar hannu, ya ce ta fi malami. Auta ta ƙware a wasan tseren motoci.

Kafinta kuwa ya yanko haruffa da lambobi daga ragowar katako, kullum da yamma ya baje su a tebur. Auta ta jera, ta rushe, ta ƙirga ƙusoshi, ta yi rubutu da fensirin bayan kunnensa. Har Baba ta auna da tef yana barcin rana.

Yaya ta fara kumbura.

"Malam Guduma, wai ni kake nema ko aikin koyarwa?"

"Ke ce, Tauraruwa. Hanyar ce ta bi ta aji ɗaya."

Ta daina kula shi, sai ya tura saƙo. Aka yi rashin sa'a wayarta na kan tebur, Baba na shan shayi. Auta ta ɗauka, ta ɗora yatsa, ta ja saƙon a hankali da babbar murya:

"Tauraruwa, ki yi haƙuri. Ko Auta za ta yi furfura tana ba be bi, ina nan ina jiranki. Baba ne kawai, taurin kansa ya fi katakon ƙofa."

Kafinta, da shigowarsa ke nan, ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Duk namijin da ya taɓa tura saƙo ya san wannan gumin.

Baba ya ajiye kofi. "Maimaita na ƙarshen."

Ta maimaita, ko gargada babu.

"Kai ka koya mata?"

"Ni da Yayarta, Baba."

"To. Ba a taɓa zagina da karatu mai daɗi haka ba. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya sa musu albarka, ya roƙa musu zuri'a mai karatu. Sannan ya ja ango gefe.

"Ka ce wa matarka ta riƙa kulle wayarta. Gidan nan yanzu kowa ya iya."