Sunan da Ya Maƙale a Katin Aure

Mu'mina 'yar Alhaji Umara ce, mai sayar da yadi da lafaya a Kasuwar Litinin. Ta gama difloma a fannin kwamfuta, amma yawancin karatun a allo aka yi shi, don ɗakin kwamfutocin makarantar ya fi zama a rufe saboda rashin wuta. Takarda tana da ita. Abin da ta rasa shi ne wanda zai zaunar da ita ya nuna mata aikin da hannu.

Abdulsalami kuwa iyayensa 'yan Kano ne, amma a unguwar Wulari aka haife shi. Yana da ɗan shago, da tsohuwar laftof wadda batirinta ya mutu tuntuni, da wani shafin intanet da ya gina inda mutane ke yin katin gayyatar aure su tura wa 'yan uwa ta waya. Aiki yana da shi. Abin da ya rasa shi ne hutu, da wanda zai yi masa maganar da ba ƙorafi ba.

Da bazara suka haɗu. Ta sauko daga keke napep ta yi sallama a bakin shagon, ta tarar da shi ya kifa kai a kan tebur, fanka a tsaye.

"An ce kana koyarwa," ta ce.

Ya ɗago da jajayen idanu. "Wa ya ce? Ni ko kaina ban gama koya wa ba."

"To ni ma na gaji da yawo. Zan zauna a nan har ka gama."

Ya dube ta, ya ga da gaske take. Ya jawo mata kujerar roba.

Ya iya koyarwa, ashe. Ba ya gaggawa, ba ya tsawa. A mako na biyu ya buɗe mata wani fayil ya ce, "Wannan shi ake kira tamfilet. Shafi ne da aka bar wa gurabe. Nan sunan ango, nan na amarya, nan rana, nan wuri. Sabar, wato babbar kwamfutar da shafinmu ke zaune a kanta, ba ta karanta shi yadda muka rubuta duk lokacin da wani ya buɗe kati. Karon farko tana juya shi zuwa umarnin da take saurin bi, ta ajiye a ma'aji. Daga nan duk wanda ya buɗe, sai ta ɗauko wancan juyayyen, ta ɗebo sunaye daga rumbun bayanai, ta cika guraben, ta miƙa masa."

"Idan ka gyara tamfilet ɗin fa?"

"Lokaci take dubawa. In tamfilet ya fi na ma'aji sabunta, ta sake juyawa. In ba haka ba, ta ci gaba da tsohon." Ya ɗaga yatsa. "Doka ɗaya, ɗalibata. Kar ki taɓa rubuta sunan mutum a jikin tamfilet. Gurbi ake bari."

Yana rufe baki wuta ta ɗauke, laftof ta mutu nan take. Da ya tayar da janareta ya kunna ta, Mu'mina ta leƙa kusurwar allon ta fashe da dariya.

"Malam, laftof ɗinka ta ce yau ina aji uku a firamare."

"Haka take yi. Da ta mutu sai agogonta ya koma baya. In na tuna nakan gyara."

Watanni suka shige. Ta daina ce masa Malam sai in tana tsokana, ya daina ce mata ɗalibata sai in yana lallashi. Ya ba ta kalmar sirrin sabar don ta riƙa taya shi. Wata rana suna cin gyaɗa a bakin shago ya ba ta labarin Sa'adiya, wadda aka taɓa sa musu rana, iyayenta suka koma Kano lokacin da gari ya yi tsanani, ta yi aure a can.

"Kana tunaninta?"

"Na gaji da tunanin tun kafin ki zo, Mina. Da kika zo ma sai na manta ina gajiya."

Da yamma ya turo mata saƙo: "Mina, yau kwastoma ya zage ni, janareta ya ƙi tashi, amma kujerar robar nan da kika zauna a kai ta hana ni ɓacin rai. Allah Ya kai ki gida lafiya."

Ta mayar: "Amin, Malamina. Ka ci abinci. Gyaɗa ba abinci ba ce."

Alhaji Umara bai so maganar ba. Yana da Habib a ransa, ɗan abokinsa mai shagon hatsi, yaro mai ladabi wanda ake ganin buhunansa da ido.

"Wannan naki me yake sayarwa?" ya tambaye ta. "In na je shagonsa me zan taɓa? Kuma an ce an taɓa sa masa rana aka fasa."

Mahaifiyar Mu'mina ta rasu tana ƙarama, ƙanwar babanta, wadda ake kira Ya Zainaba, ita ta riƙe ta a gidansu na unguwar Ajilari. Ita ma Habib take so. Mu'mina ba ta yi gardama da kowa ba. Ta dai ci gaba da cewa, "Baba, shi nake so," a hankali, duk lokacin da aka tambaye ta, har Alhaji ya gaji ya ce magabatan yaron su zo. Aka sa rana bayan babbar salla.

Abdulsalami ya so katinsu ya fi na kowa. Akwai wani zane da ya yi tun farkon buɗe shafin, mafi kyau a cikin duka, wanda bai taɓa ba kwastoma ba. Ya ɗauko shi, ya kashe data don tsimi, ya zauna yana gyara. Wuta ta ɗauke masa a tsakiya, ya tayar da janareta ya ci gaba. Ya duba a laftof ya ga komai daidai: Abdulsalami da Mu'mina. Ya kunna data ya ɗora a sabar, ya tura mata adireshin, ya jingina da bango yana gyangyaɗi.

Mu'mina tana cikin keke, a cunkoson bakin kasuwa, da ƙullin kayan lalle a cinya. Katin ya ƙi buɗewa a wayarta. Ta ce a ranta, aikin Malam ai ba ya buƙatar dubawa. Ta tura shi rukunin danginsu.

Da ta shiga gida ta tarar da Ya Zainaba a tsaye tsakar gida da waya a hannu.

"Zo ki karanta min wannan, ke mai boko."

Katin ya yi kyau. Ranar daidai ce, wurin ma daidai: ƙofar gidan Alhaji Umara, Ajilari. A tsakiya kuma, da manyan haruffa masu ruwan zinariya: Abdulsalami da Sa'adiya.

"A ƙofar gidanmu!" in ji Ya Zainaba. "Hannunsa ya rubuta abin da ke zuciyarsa. Ke yana kallonki, waccan yake gani. Dangi har na Bama sun gani, sun fara kirana."

Alhaji Umara bai ɗaga murya ba. Ya ce a sanar da mutanen Wulari su dakata da komai, ya shiga ɗaki.

Wayar Mu'mina ta yi ta ƙara, ba ta ɗauka ba. Saƙo ya shigo: "Mina, wallahi sunanki na sa. Ban san yadda aka yi ba. Bari in sauke katin yanzu."

Ta rubuta masa: "Kar ka taɓa komai. In ka taɓa, mun gama."

Ba ta son bayaninsa. Ta san shi da iya bayani, kuma ta san za ta so ta yarda. Tambaya ɗaya ce ke cinta: a makon nan ya zauna ya rubuta sunan matar nan, ko a'a? Ta kwana biyu ba ta fita ba. Habib ya aiko da kankana da gaisuwa, Ya Zainaba ta yi ta yabon kankanar.

Da safe ranar da ta ji ƙarfin jikinta, ta je wani shagon kwamfuta a unguwarsu, ta shiga sabar da kalmar sirrin da ya ba ta. Ta buɗe tamfilet ɗin katin. Babu Sa'adiya a ciki, gurbi ne a wurin amarya. Ta duba rumbun bayanai, Mu'mina Umara ce a rubuce. Ta shiga ma'aji, ta buɗe juyayyen fayil. Nan sunan yake, a kafe a jikinsa, rana da wuri ne kawai aka bar wa gurbi.

Sai ta dubi lokutan. Juyayyen fayil an yi shi tun kafin ta san akwai wani shago a Wulari. Sabon tamfilet ɗin kuwa, wanda aka gyara a makon nan, yana ɗauke da shekarar da take aji uku a firamare.

Ta rufe fuska da lafaya. Mai shagon ya ɗauka kuka take. Dariya ce da kuka a haɗe.

Ta sami Abdulsalami a shago, kamar ranar farko, kai a kan tebur. Ya rame.

"Ka duba?" ta ce.

"Kin ce kar in taɓa komai. Ko shiga ban yi ba."

Ta zauna a kujerar roba ta nuna masa. "Agogonka ne. Wuta ta ɗauke, ya koma baya, ka yi gyara a haka. Sabar ta ga gyaranka ya girmi abin da ke ma'ajinta, ta ce babu sabo, ta miƙa tsohon. A laftof ɗinka babu tsohon a ajiye, shi ya sa ka ga daidai."

Ya daɗe yana kallon allon. "Innalillahi. Batirin agogo. Ɗan ƙaramin batiri kamar kwabo."

"Ban gama ba, Malam. Wa ya ce min kar a rubuta sunan mutum a jikin tamfilet?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne. A lokacin na ɗauka ba abin da zai canja."

Janaretan maƙwabci yana ta ruri.

"Kuma ka rasa zanen da za ka yi min sai nata?"

"Shi ya fi kyau, Mina. Na so ki sami mafi kyau. Na yi wauta."

"Ka yi. Share ma'ajin da hannunka, ina kallo. Sannan ka yi min sabon zane, ko da bai kai wannan ba."

Ya share. Ya sake buɗe katin, sabar ta juya sabon tamfilet, ta cika guraben. Abdulsalami da Mu'mina.

"Ni kuma a gurbi ka sa ni," ta ce, tana hararar sa.

"In kin yarda in kafe ki a jiki yanzun nan."

"A'a. Bar shi. Aiki mai kyau ya fi."

Saura Alhaji. Ta same shi a rumfarsa bayan la'asar, yana naɗe yadi. Ta gaishe shi ta zauna a kan tabarma. Ta san kafin ya fara sayar da yadi tela ne, don haka ta nan ta biyo.

"Baba, in tela ya zana riga a takarda, yakan yanka kwali a kan zanen, ya riƙa ɗora shi a kan yadi, ko?"

"Haka ne."

"To in ya gyara zanen, amma mai yankan bai san an gyara ba, ya ci gaba da tsohon kwali?"

"Rigar za ta fito da tsohon yanka. Laifin telan ne da bai ƙona kwalin ba."

"Laifinsa ne, Baba, na kuma faɗa masa. Amma bai rubuta sunanta a makon nan ba. Tsohon kwali ne, tun kafin ya san ni."

Ta ci gaba da bayanin agogo da ma'aji. Alhaji yana saurare, yana shafa gefen yadin da babban yatsa. Da ta gama ya numfasa.

"Shi ya gaya miki wannan?"

"A'a. Na hana shi magana. Ni na shiga na duba."

"Da idonki?"

"Da idona, Baba."

Ya ajiye yadin. "Kin rame, 'yata. Ni ma na gaji. Ki ce wa Zainaba ta kira na Bama ta ce musu rana tana nan. Shi kuma ki ce masa ya zo gobe ya gaishe ni, ya taho da wannan agogon nasa a gyare."

Bayan salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan, Ajilari ta cika da ƙamshin turaren wuta. Sabon katin bai kai tsohon kyau ba, kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Ya Zainaba ta buɗe shi ta sake buɗewa kafin ta yarda ta tura. Habib ya zo ɗaurin aure, ya riƙe hannun ango ya yi masa addu'a. Da za a tafi da amarya, Alhaji Umara ya dafa kanta ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya hutar da ku, Ya sa albarka a abin da kuke yi, ko da ni ban iya taɓa shi." Mata suka amsa da amin, Ya Zainaba ta fi kowa ɗaga murya.

A cikin mota, lulluɓe da lafaya, Mu'mina ta tuna fuskar babanta a rumfa lokacin da take maganar agogo da ma'aji. Ta gane cewa bai fahimci rabin bayanin ba, kuma ba sabar ya yarda da ita ba. Ita ya yarda da ita, don ta je ta duba da kanta.