Tsuntsun da Ba Ya Cin Gero

Ƙarfe takwas na safiyar Laraba aka kira Sufeto Kadri, wai an yi sata a wata cibiyar jinyar tsuntsaye da ke Bronx. Da ya tambayi abin da aka ɗauke, aka ce tsuntsu ɗaya. Shekara goma sha tara yana aikin ɗan sanda a New York, ya nemo motoci ya nemo mutane, amma bai taɓa neman abin da bai fi makullin mota nauyi ba. Ya shanye shayinsa ya fita. Gajimare ya sauko har kan kogi, benaye kamar suna yawo a iska.

Likitar cibiyar, Hamdatu, 'yar Zangon Kumasi, ta tarye shi gaban keji babu komai a ciki, idanunta jawur. Ta ce mako uku da suka wuce jami'an kwastan suka tsinci tsuntsun a filin jirgi, wani ɗan fasa-ƙwauri ya cusa shi cikin robar naɗe gashi. Duk duniya irinsa a tsibiri ɗaya suke, ɗan ƙarami, wanda mai keke zai zagaye kafin azahar. Ɓeraye da kyanwoyin da jiragen ruwa suka kai suna cinye ƙwansu, ana kuma ta sare dajinsu, har an sa su cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Ranar Juma'a za a mayar da wannan tsuntsun gida.

"Sufeto, tsutsa da ƙwari kawai yake ci," in ji ta. "Tun jiya la'asar bai ci ba. In rana ya faɗi yau, shi ke nan."

Ta kunna masa kukan irinsa a wayarta, wanda masu bincike suka ɗauko a tsibirin. Sauti ne siriri, kamar ruwan indararo na ɗiga cikin randa. Kadri ya tsinci kansa a tsakar gidan kakarsa a Zariya, an gama ruwa, ƙasa na ƙamshi. Sai da ta kashe ya dawo hayyacinsa, ya ji kunyar kansa. Ya ce ta tura masa. Ta tura, ta ƙara da cewa nasu dai tunda ya zo bai taɓa buɗe baki ba.

Ya durƙusa ya duba. An mayar da ƙofar kejin an sa sakata, ɓarawo mai ladabi ke nan. A ƙasa kuwa ga ƙwayar gero biyar. Hamdatu ta ce ba su taɓa shigo da gero gidan ba.

Bayan ita, mutum biyu ke riƙe da makulli. Shitu direba ya rantse ƙarfe biyar ya tafi gida. Da Kadri ya nuna masa hoton kyamarar ƙofar gaba, inda ya dawo ƙarfe shida, sai ya hau sosa ƙeya: motar cibiya ya ara ya kai wa matarsa tukwanen waina wurin suna. Yana magana yana atishawa, don ko gashin tsuntsu ya gani hancinsa ba ya zama lafiya. Kadri ya sallame shi.

Na biyun Malam Souley ne mai shara, dattijo ɗan Maraɗi, shekara ashirin da uku bai taka gida ba.

"Ƙarfe nawa ka tashi jiya?"

"Bakwai, ranka shi daɗe. Ta ƙofar baya, wajen bola."

"Ka ga tsuntsun?"

"Ni tsintsiya na sani. Mi ya haɗa ni da tsuntsu?"

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Amma da suka wuce ta gaban wani keji, Kadri ya ji ya yi ɗan fito can ƙasa-ƙasa, irin na masu kiwon kanari, shi kansa bai san ya yi ba.

A unguwar University Heights, kan layin da dattijon yake zaune, shago ɗaya ke sayar da geron gida. Mai shagon, Hajiya Aïchatou, ba ta da rowar zance. Ta ce shekaranjiya Malam Souley ya sayi gero, har ta tsokane shi ta ce gwauro zai koyi dama kunu da furfura. Ya kuma roƙi kwalin takalmi, ya tsaya nan gabanta yana huda murfin da ƙusa.

Kadri ya koma cibiya ƙarfe uku. Gajimaren ya yaye, rana ta fara karkata. Kama mutum ba wuya, amma in dattijon ya kafe, kafin a samo takardar binciken gida tsuntsu ya mutu. Sai ya tsaya kusa da inda yake shara, ya ɗaga murya ya tambayi Hamdatu abin da zai faru in an ba tsuntsun gero.

"Ko kallonsa ba zai yi ba. Zai mutu da yunwa, abinci a gabansa."

Tsintsiya ta faɗi.

"Likita, tsuntsu mai waƙa bai cin hatsi?" in ji Malam Souley. "Mu tahi. Don Allah mu tahi yanzu."

Ɗakinsa a hawa na biyar yake. A bakin taga mai kallon rana ga keji na tsinke, saƙar hannu, ga gero cikin murfin kwalba ba a taɓa ba. Tsuntsun ya kumbura gashi, ido a lumshe. Hamdatu ta miƙa masa tsutsa da hantsaki. Jirgin ƙasa ya wuce ta kan gada, ɗakin ya girgiza, ba wanda ya motsa. Can ya buɗe ido ɗaya, ya wafce. Ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku. Hamdatu ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Malam Souley bai jira tambaya ba. Ya ce tun yana saurayi yake kiwon kanari a Maraɗi, ya san tsuntsu ba ya waƙa a ɗakin da ba taga. Mako uku yana shara ƙarƙashin wannan shirun, abin ya tsaya masa a rai. So ya yi ya ji muryarsa sau ɗaya kafin Juma'a, ya mayar da shi.

"Ya yi?" in ji Kadri.

"A'a, ranka shi daɗe."

Kadri ya ji tausayinsa sosai, amma sata sata ce. Ya sauko da shi ba ankwa, ya sa shi a bayan mota. Kafin ya tayar, ya ciro waya ya kunna abin da Hamdatu ta tura masa. Dattijon ya rufe ido, bai buɗe ba har sautin ya ƙare.

"Ashe haka yake cewa," in ji shi. "Ku maida shi gida, Sufeto. Can zai hwaɗa da bakinshi."