Hannun da Ya Murɗa Ƙofar Gefe

Ku matso. Ke Ladiyo, rage fitilar nan. Wanda ya san zai kasa fita fitsari shi kaɗai, ya tashi tun yanzu.

Kun sha tambayata abin da ya sami ƙaramin yatsan ɗana Mudi. Na ce muku haka aka haife shi. Ƙarya na yi.

Mijina Jatau, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha tara ya yi a matatar ruwan datti da ke bayan masana'antu. Ƙazantar gari da ta majema duk can take taruwa. Tafki huɗu ne a jere. A na farko raga ke tare leda da tsumma. A na biyu laka ke kwanciya. A na uku inji ke kaɗa ruwan ba dare ba rana, yana ta kumfa. A na huɗu ruwa ya yi garau, daga nan a sake shi ta bututu cikin rafi. Mu masu lambu a ƙasa, da shi muke ban-ruwa. Da latas ɗin wannan rafin na riƙe 'ya'ya biyar bayan Jatau, ban roƙi dangin miji ko gishiri ba.

Jatau yana da ɗabi'a biyu da ake masa dariya a kansu. Ta farko, ya zuba karfasa a tafki na huɗu. Ba tarwaɗa ba, ita ko a kwata sai ta yi ƙiba. Ya ce in karfasa na wasa, ruwa ya yi. In ta juya ciki sama, ba a saki. Ta biyu, kafin ya murɗa ƙarfen buɗe ƙofar sakin ruwa, sai ya ƙwanƙwasa shi da sifana sau uku, ya ce, "Masu gida, a kau da yara, ruwa na tafe."

Akwai wata ƙofar kuma a gefe. Ita ba ta bi ta tafki ko ɗaya, kai tsaye take zubawa rafi ta wannan bututun. Don ranar ambaliya aka yi ta. Sau biyu kacal Jatau ya taɓa ta a rayuwarsa.

Da ya rasu aka ba Mudi gurbinsa. Aka kuma kawo sabon shugaba, Injiniya Sanda, mai toshe hanci da hankici. Ya ce injin kaɗa ruwa na shan man dizal da yawa. Ya ce a kashe shi, a buɗe ƙofar gefe, wa zai sani. Mudi sabon ma'aikaci, matarsa da tsohon ciki. Ya murɗa. Bai ƙwanƙwasa ba, bai ce komai ba.

Kwana huɗu ruwa na zuwa mana baƙi, yana warin jima. Bakin latas ya fara ƙonewa. Ranar Juma'a da safe Mudi ya ɗauki kofin koko, kofin ya suɓuce. Ya ce, "Inna, hannuna ya yi sanyi." Na taɓa. Daga yatsu zuwa wuyan hannu, kamar an tsamo shi daga randa.

Da rana tsaka maza duk sun tafi masallaci. Ni kaɗai a lambu, ina tsince ganyen da ya mutu. Kwaɗin da ke kuka a bakin rafi suka yi tsit.

"Mai latas."

Na ɗago. Mace ce, doguwa, da goyo, ta lulluɓe shi ruf. Ban ga ta inda ta shigo ba.

"Nawa fangali?"

Na faɗi kuɗi, na ɗora kaɗan don na ga baƙuwa ce. Ba ta taya ba. Nan na fara tsarguwa. Wace mace ce za a faɗa wa kuɗi ba ta taya ba?

Sai na dubi ƙasa. Kan kunyar da take tsaye busasshiya ce ƙayau, amma duk inda ta taka, ruwa na tsattsafowa yana cika sawun. Na bi sawun da ido. Ba daga hanya ya fito ba. Daga rafi.

"Ina mai ƙwanƙwasawa?" ta ce.

Bakinta ya motsa, amma muryar daga ƙasa take fitowa, daga cikin 'yar hanyar ruwan da ke tsakanin ƙafafuna.

Na yi a'uziyya a zuciya. Na ce, "Ya rasu bara, baiwar Allah."

"Ba a gaya mana ba."

Ta kwance goyon, ta yaye mayafin. Ba zan faɗa muku duka ba. Fatar yaron ta saluɓe kamar tumatir ɗin da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ba ya kuka. Bakinsa kawai yake buɗewa yana rufewa.

"Yana wasa a bakin bututu," ta ce. "Ba wanda ya ce a kau da shi. Hannun da ya murɗa nake so. Na fara karɓa. Zai hau har kafaɗa."

Amma kun san ni. Dillalan kasuwar gwari ma sun gaji da ni. Na ce a raina, tunda ta faɗi abin da take so, ai ciniki ne. Na gyara ɗaurin zane.

"Rago," na ce. "Fari, mai ƙaho."

"Albarka."

"Biyu."

"Albarka."

Na miƙa mata hannuna na dama. "To ga nawa."

Ta dube shi. Idonta ba ya ƙiftawa. "Naki bai murɗa ba."

"To ki saurara," na ce. "Kin ɗauki hannun Mudi. Sai me? Jibi Injiniya ya ɗauko wani hannun, garin nan cike yake da masu neman aiki. Ƙofa a buɗe, ruwa baƙi. Ke kuma kina riƙe da hannun da ba ya iya komai. Wannan ciniki ne? Ki bar masa shi a jikinsa, shi ne zai rufe miki."

Ruwan da ke cikin sawunta ya daina motsi.

"Gobe war haka," ta ce, "ruwa ya zo fari. Kuma ke za ki fara sha, a gabana. Duk Juma'a."

"Sha na yarda. Gobe kuwa ba zai yiwu ba. Tafkin da aka kashe wa inji ba ya farfaɗowa a kwana ɗaya, Jatau ya sha faɗa. Kwana huɗu."

"Biyu."

"Uku, kuma ban rage ko wuni."

Sai ta yi murmushi. Wallahi na gwammace da ba ta yi ba.

"Uku," ta ce. "Na ƙara miki ɗaya."

Ta mai da goyonta, ta gangara. Ban ji ƙarar faɗawa ruwa ba.

Ban koma gida ba. Na cika bokiti da ruwan rafin, na bi lambu lambu na kira mata. Muka isa ƙofar matata, mu goma sha wani abu, kowace da tiren mataccen latas a ka. Injiniya ya dawo daga masallaci cikin farar shadda. Na ɗebi ruwan a kofi, a gaban ma'aikatansa.

"Ranka ya daɗe, ga ruwan maraba."

"Hajiya, mene ne haka?"

"Ban je Makka ba tukuna. Sha."

"Ke kin san abin da ake kira tace ruwa kuwa?"

"Ban yi boko ba. Amma na san sanyin da ke busawa a ofishinka da man dizal yake tashi. Ko ka kunna injin tafki, ko mu ɗauki bokitin nan mu kai gidan rediyo, su ma su shaƙa."

Wani tsohon mai gadi ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari. Injiniya ya dubi tirarrukan, ya dubi bokitin, ya toshe hanci. Kafin la'asar inji ya tashi. Mudi ya rufe ƙofar gefe da hagu, ni na taya shi murɗawa. Aka sa sarƙa da kwaɗo. Makullin nan da kuke gani a wuyana, na kwaɗon ne.

Asabar sanyin ya kai gwiwar hannu. Lahadi ya kai damtse. Karfasar farko da muka zuba ta juya ciki sama. Muka kwashe, muka jira, muka sake zubawa. Litinin da hantsi na ga wata ta kaɗa bindi, ta nutse. Mudi ya ɗauki sifanar ubansa, ya ƙwanƙwasa sau uku. Ya ce, "Masu gida, a kau da yara."

Da rana tsaka na tsaya a bakin bututu, na tara ƙoƙo, na shanye. Ban ga kowa ba. Amma a kan yashi akwai jiƙaƙƙen sawu. Babba ɗaya, da wani ɗan ƙarami a gefensa, yana tafiya da ƙafarsa.

Na iske Mudi yana cin tuwo da hannun dama. Na zauna ina kuka ina dariya. Sai ya ce, "Inna, wannan bai dawo ba." Ƙaramin yatsa. A sandare, sanyi ƙalau, har yau.

Nan na gane murmushin. Kwanan da ta ƙara min ba gyara ba ne. Ni da ban taɓa karɓar ko ƙullin daddawa ban tambayi kuɗinsa ba, ranar na karɓi kwana guda ban tambaya ba. Mudi ne ya biya.

Gobe Juma'a, zan je in sha. Kada wanda ya biyo ni. In an aike ku lambu, ku tafi ku biyu, kuma kada ku bari rana ta tsaya muku a bakin bututun nan. In kwaɗi suka yi shiru, ku dubi ƙasa kafin ku amsa wa kowa.

Ladiyo, ƙara fitilar.