Ruwan Zafi a Ɗakin Sanyin Alhaji Garga

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa aka sallami Mijinyawa daga aikin gwamnati, ya koma kula da ɗakin sanyin Alhaji Garga, wani mahauci a unguwar Briqueterie. Gwani ne a baki, amma ga son jiki. Ya san in ƙanƙara ta taru a bututun inji iska ba ta ratsawa, ɗaki ya ɗumame, nama ya lalace. Ya kuma san maganinta: a kashe inji da wuri, a bar ta ta narke da kanta. Ya yi ta cewa gobe, har ta toshe komai.

Ran nan da magariba ya shiga duba naman bikin 'yar Alhaji, ya ji ɗakin ɗumi, naman ya fara saki. Kunya ta rufe shi, don gobe unguwa duka za ta ci naman nan.

Ya karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayi. Tsohuwarsa Jaratu ta sha gaya masa ba a watsa ruwan zafi da magariba babu bisimilla, akwai masu kwanciya inda ido ba ya gani. Dariya yake yi mata.

Ya watsa.

Ƙanƙara ta dare, tururi ya turnuƙe. Fanka ta tsaya. Kiran salla da hayaniyar masu tsire suka ɗauke ɗif.

Sai kukan jariri daga bayan bututun.

Ƙofa ta rufe a hankali.

"Malam," muryar wata mace ta raɗa masa a kunne. "Zazzaɓi yake yi. Nan kaɗai yake samun barci."

"Ban sani ba."

"An gaya maka."

Wani ɗan hannu ya riƙe yatsansa. Da zafi, fatar duk ta saɓule.

Bai san yadda ya fito ba. A bakin kwata masu tsire suka tsince shi, wandonsa jiƙe, kowa ya kau da kai.

Da safe bututu tas, ɗaki sanyi ƙalau, nama lafiya. Alhaji ya yi ta sa masa albarka a gaban jama'a, shi kuwa ya kasa ɗaga ido.

Tun daga nan da rana yake kashe inji, ya yi sallama, ya zauna ya jira. Kafin ya tashi sai ya ajiye gwangwanin man ƙuna a bayan bututun. Kullum da safe yakan tarar an lakata, ga sawun ƙananan yatsu a ciki.